Nemesia Mai Kifi Ba Ta Juya Baya

Shekara arba'in da shida na yi ina haɗa fuskokin da ake rufe fuska da su a bikin Karnabal a unguwarmu a Barranquilla, da tsohuwar jarida da sitacin rogo: bijimai, damisa, birai, da Mutuwa mai dogayen haƙora. Ban taɓa yin abin da ya fi ni tsayi ba sai da aka kira ni in yi Nemesia Mai Kifi.

Duk wanda ya tashi a bakin tekun nan ya san ta. Katun ce, wato zanen yara mai motsi, da tashar talabijin ta yankinmu take sakawa kowace Asabar da safe, shekara goma sha ɗaya ba fashi. Ƙatuwar mace ce mai jan siket, da daron kifi a ka, tana talla a mashigin kogi, ga wani kada kullum yana ƙulla dabarar sace mata kifi ɗaya, kullum yana shan ludayi a hanci. 'Ya'yana huɗu a gabanta suka girma. Ni ma ina zama a bayansu da kofin gahawata, wai ina gadi kada su lalata talabijin.

Idona yana da wata ɗabi'a ta maƙalewa a kan abin da bai zo daidai ba. A gida ina da gwangwani cike da irin waɗannan: busasshen lemo mai ƙaho, makullin da ba ya buɗe komai, dutsen da yake gumi in za a yi ruwa. To a wajen Nemesia ma idona ya maƙale. Ba a taɓa nuna bayanta ba. In ta gama da kada za ta tafi, sai ta ja da baya-baya, tana kallon yara tana ɗaga musu hannu, har ta fice daga gilashin. Yara suka ɗauka wasa ne. Akwai shekarun da malaman makaranta suka gaji da dukan yara saboda fita aji da baya-baya, suna cewa tafiyar Nemesia suke yi.

Bara wani kamfani daga Medellín ya sayi fili a hanyar teku ya gina wurin wasa, da lilo masu tashi sama da jiragen da suke kifar da mutum ya ga ƙafafunsa a gajimare. Suka kuma sayi Nemesia daga hannun tashar. Suka gina mata wani makeken ɗaki marar taga, suka haƙa kogi a ciki. Mutum takwas za su shiga kwalekwale, ruwa ya ja su a hankali. Su ratsa kasuwa ƙanshin soyayyen kifi yana fitowa ta bututu, yayyafi ya ɗan jiƙa su, kada ya ɓullo ya wage baki su yi ihu. A ƙarshe kwalekwalen ya ture labule ya shiga wani fili mai tsibiri a tsakiya. A kan tsibirin Nemesia za ta tsaya, tsayinta ya kai na mutum biyu. Kwalekwale ya zagaye ta, ya fita ta wani labulen da yake can bayanta.

Mai kula da aikin shi ne Dakta Zuluaga. Ba likita ba ne, takalminsa ne yake sheƙi. Bai wuce talatin da biyar ba, kuma ban taɓa ganinsa babu waya a kunne ba. Ya ce masu wurin suna so hannun ɗan gari ya yi babban mutum-mutumin, don a rubuta hakan a allo a bakin ƙofa. Ya shimfiɗa mini takardu uku: gaba, gefe, da baya.

Na daɗe ina kallon ta ukun. Kitso guda har ƙugu, ɗaurin siket, ga ɗan rami a ƙullin ɗankwali.

Na ce, "Dakta, wa ya zana wannan?"

"Yaranmu na ofis, a kwamfuta."

"A ina suka gan shi?"

Ya sauke wayar daga kunne. "Baba Evaristo, baya ne fa. Kowa yana da baya. Ni ina da shi, kai kana da shi. Ramin nan na kyamara ne. Kwalekwale zai zagayo, yara su ɗaga kai, ƙyas, mu ɗauke su hoto."

"Ka taɓa kallon katun ɗin?"

"Na kalli guda biyu a waya. A garinmu ba a saka shi ba." Ya mayar da wayar kunne. "Wata uku gare ka, Baba."

Na naɗe takardar ta uku na hau bas zuwa gidan Eufemia Barros. Ita ce ta zana Nemesia, tun daga ta farko har ta ƙarshe, da hannunta, a ɗakin da fankarsa ba ta aiki. Ta girme ni da shekara shida. Kowace shekara tana sayen fuskar damisa a wajena, tana kuma kushe ta. Tun tana da ƙuruciya tashar ta sa ta saka hannu a wata takarda, don haka yanzu ko gashin girar Nemesia ba nata ba ne.

Na same ta da la'asar a kujerarta mai lilo a bakin ƙofa, tana cire ƙaya daga kifi, ga dafaffen rogo a faranti.

"Ga mai damisa masu kama da kyanwa," in ji ta. "Zauna ka ci, na san yunwa ce ta kawo ka."

Na miƙa mata takardar. Idanunta sun yi rauni, sai da ta kai ta dab da hanci. Kujerar ta daina lilo.

"Sun yi mata kitso," ta ce.

"Sun yi, Yaya."

"Ba ta da kitso. Gashinta gajere ne, tana yanke shi da almakashin kifi. Kuma kafaɗar hagu ta fi ta dama sauka, saboda daro." Ta ajiye takardar a kife a cinyarta.

Na ce, "Ashe kin san bayan."

"Wa zai sani in ba ni ba? Uwata ce, kai tsohon banza. Sunanta ke nan, sana'arta ke nan, a ƙauyenmu can sama da kogi. Ina shekara bakwai ta ce za ta tafi Venezuela wankau a gidajen masu man fetur, shekara ɗaya ta dawo. Kakata ta riƙe hannuna a mashigi. Ta shiga jirgi ta tsaya a gaba. Na yi ta kira, Mama, Mama, har muryata ta dishe. Ba ta waiwayo ba. Mutane sun ce kuka take yi, ba ta so in gani. Ƙila haka ne. Ni dai abin da na gani shi ne baya yana ƙanƙancewa har kwanar kogi ta haɗiye shi. Wasiƙa biyu ta aiko, shi ke nan."

Ta ɗauki rogo, ta kalle shi, ta mayar.

"Sau uku shugaban tashar yana cewa in juya ta, wai tafiya da baya-baya tana cin zane da yawa. Na ce masa ya nemi wata mai zanen. Na ga bayan nan sau ɗaya, ya ishe ni, kuma babu yaron da zai gan shi ta hannuna."

"To yanzu fa?"

"Yanzu ba tawa ba ce. Su yi mata wutsiya ma in sun ga dama. Sun aiko mini da kati wai in je ranar buɗewa in yanke ƙyalle. Ka gaya musu ƙafa tana mini ciwo." Ta miƙo mini takardar. "Ɗauki abinka. Aikinka ne, ka yi ka ci abinci."

A bas ina komawa na yi ta tunanin yadda abin zai kasance. Yaro a kwalekwale, ruwa yana jan sa yana nisa, Nemesia ta ba shi baya, shi kuma yana ɗaga kai yana jira ta waiwayo. A daidai nan ne za su ce ƙyas.

Ban sauka a gida ba, na wuce rumfar Wilfrido. Mai gyaran keke ne kuma mai walda, mun yi shekara talatin muna buga domino yana cutata. Na zana masa abin da nake so a ƙasa da tsinke.

Ya tsuguna ya kalla. "Wato so kake ƙatuwar mace ta riƙa bin mutum da ido duk inda ya yi. Mutumina, je ka gidana, akwai irinta, ba sai an yi walda ba."

"Zai yiwu ko ba zai yiwu ba?"

"Da wutar lantarki?"

"A'a. In da waya ne, za su zare ta."

Ya sosa ƙeya da sifana. Daga nan ya fara jan nasa layin a kan nawa. Faranti na ƙarfe a ƙarƙashin ƙafafunta, a kan boris ɗin tsohuwar babbar mota. Wani hannu na ƙarfe a ƙarƙashin ruwa, wanda cikin kwalekwale zai kama ya tafi da shi. Sarƙar keke ta haɗa hannun da farantin. Kwalekwale yana zagayawa, ita tana juyawa tare da shi. In ya shige labule, hannun ya kuɓuce, wani nauyi ya ja ta a hankali ta koma tana fuskantar ƙofar shigowa. Nauyin kuwa kan tsohon keken ɗinkin surukarsa ne.

"Za su kore ka," in ji shi.

"Na sani."

"To ka biya ni kafin su kore ka."

Wata uku na yi ina aiki a rumfar da suka ba ni a bayan wurin wasan. Na ɗaure ƙasusuwanta da rodi da waya, na lulluɓe da jarida da sitaci kamar yadda na saba, sannan muka shafe ta da irin robar da ake yin jikin kwalekwale da ita don kada danshi ya ci ta. Na jingina ta da bango, na rufe bayan da tamfol, na ce saboda ƙura. Dakta yakan leƙo ya kalli fuska ya ce, "Da kyau, da kyau," ya wuce. Ni na yarda cewa abin da aka yi da jarida yana ƙunshe da maganganun da suke cikinta, shi ya sa yake ɗan raɗa in yana bushewa. Na zaɓa wa Nemesia shafukan da babu labarin mutuwa a ciki. Kyamarar kuma na dasa ta a idon kifin da yake saman daro.

Kafin a cika kogin da ruwa muka kafa ta a tsibiri, da tamfol ɗinta. Na gaya wa Dakta farantin don sauƙin fenti ne. Wilfrido ya shiga ƙasa ya yi waldarsa yana fito.

Ranar Laraba da safe, saura kwana uku a buɗe, aka yi gwaji. Dakta ya shiga kwalekwalen farko da mata masu sayar da tikiti da masu shara, duk 'yan garin nan. Na cire tamfol na ɓuya a bayan wata bishiyar roba a kan tsibirin. Na ji ihunsu wajen kada. Sai labule ya buɗe.

Sarƙa ta yi ƙara kaɗan. Nemesia ta motsa. Kwalekwale ya bi gefe, ta bi shi da fuska, hannunta a sama. Ya kai inda ya kamata su ga kitso, suka ga murmushi. Ɗaya daga cikin matan, wata mai shara da ta haura arba'in, ta ɗaga hannu tana mayar mata da gaisuwa, kamar ba ta san tana yi ba. Har labule ya rufe a kansu ba su ga komai ba sai fuska.

Ba a jima ba sai ga Dakta ta ƙofar ma'aikata, ya tako ƙaramar gada zuwa tsibirin. Dariya yake yi. "Baba, kai mugu ne! Wa ya sa ka? Abin ya yi kyau, na rantse." Sai dariyar ta fara raguwa. Ya kalli labulen shiga, ya kalli na fita. "Tsaya. In tana bin kwalekwale ɗaya, na biyun fa?"

"Sai ya jira a bayan labule har ta komo."

"Tsarinmu biyu-biyu ne. Wani yana fita, wani yana shigowa. Ka san yawan mutanen da za su tsaya a rana saboda wannan wasan naka?" Ya juya wajen ma'aikatansa. "A kawo noti a ɗaure farantin nan. Ta tsaya cak yadda aka zana."

Na ce, "Zo ka ga wani abu, Dakta."

Na zagaya da shi. Ya tsaya baki buɗe. Daga ƙeya har dunduniya babu komai, rami ne kawai: rodi, waya, gefen jaridu, da wani kwanon abinci da Wilfrido ya manta a ciki.

"Ina bayan?"

"Ban yi ba."

"Ba ka gama ba?"

"Na gama. Ban yi ba ne."

Fuskarsa ta yi ja har kunne. "Na ba ka takarda uku!"

"Biyu na Nemesia ne. Ta ukun ban san ko wace ce ba."

"Za ka yi shi kafin Asabar."

"A danshin nan sati uku yake ɗauka ya bushe. Kuma ko shekara uku ka ba ni, ba zan yi ba."

"To sai mu rufe da ƙyalle mu ɗaure ta!"

Wilfrido ya leƙo daga bakin gada yana goge hannu. "Ranka ya daɗe, babu inda noti zai shiga, na liƙe komai wuri ɗaya da walda. Sai dai a yanke, kuma abin yana ƙarƙashin ruwa. Kwana biyu a kwashe kogin, kwana biyu a cika. Ni ban yi karatu ba, amma kamar huɗu ya fi uku."

"Kai kuma wane ne?"

"Mai keke."

Matan sun taru a ƙofa suna kallo. Mai sharar nan ta ce, "Dakta, yi haƙuri, amma Nemesia ai ba ta da baya. Kowa ya sani."

"Kowa yana da baya!" Ya daka mata tsawa har muryarsa ta dawo daga rufin.

Na ce, "Ba ita za ka yi wa ihu ba, ni na yi. Ka sayi sunanta, ka sayi siket ɗinta, ka sayi kadan ma. Bayan nan ba ya cikin abin da aka sayar maka, don ba a taɓa zana shi ba. Mutum ɗaya ce ta gan shi a duniya, kuma ta ce ya isa. In ka kawo masu yanka ƙarfe, ranar Asabar zan kafa kujera a bakin ƙofarka da fuskar Mutuwa a kaina, in gaya wa duk uban da ya riƙo hannun ɗansa abin da zai tarar a ciki. Ba ni da wani aikin, ka ga kuwa ina da lokaci."

Ya kira ni ofis. Ya ce daga yau kada in sake taka wurin a matsayin ma'aikaci. Ya ce za a kankare sunana daga allon ƙofa. Ya ce da an gama hidimar buɗewa zai kawo ƙwararru daga Medellín su yi mata baya mai kyau, da kitso, da komai.

Na ce, "Allah ya kawo su lafiya." Na ɗauki hulata, na fita da baya-baya ina ɗaga masa hannu. Na yi karo da kwandon shara, amma ban juya ba. A waje na ji matan sun fashe da dariya.

Ranar Asabar na je gidan Eufemia da sassafe, sanye da farar rigata.

"Na ce maka ƙafa tana mini ciwo."

"A zaune ake yi, Yaya. Tashi."

"Ba zan yanke musu ƙyalle ba."

"Wani ya riga ya yanke. Layi za mu bi kamar kowa."

Ta dube ni ta ƙasan tabarau. "Evaristo, in ka kai ni na ga abin nan, ba ni ba kai har kabari."

"Na yarda."

Awa ɗaya da rabi muka yi a layi, tana zagina, tana zagin rana, tana zagin wanda ya ƙirƙiro layi. A allon ƙofa an shafa farin fenti a inda sunana yake, bai ma bushe ba. Muka shiga kwalekwale da wani mutum da 'ya'yansa mata. A kasuwa ta ce ƙanshin nan na man da aka soya sau goma ne. Da kada ya ɓullo ta ce haƙoransa sun yi yawa. Da muka tunkari labulen ƙarshe sai ta damƙe mini hannu har farcenta ya shige.

Labule ya buɗe. Ga Nemesia a tsaye, daro a ka, kafaɗar hagu ta ɗan fi ta dama sauka. Kwalekwale ya fara zagaye. Eufemia ta sunkuyar da kai tana kallon ƙafafunta.

Ƙaramar yarinyar da take gabanmu ta ce, "Baba, kalli, tana bin mu!"

Eufemia ta ɗago. Ta kalla. Kwalekwale ya ci gaba, ita ma ta riƙa juyawa a kan kujera, har ta durƙusa a kai tana riƙe da majingina, abin da aka rubuta ƙarara kada a yi. Ruwa yana jan mu muna nisa, su biyu suna kallon juna, har labule ya sauko a tsakaninsu.

Muka fito rana. Ta cire tabarau ta daɗe tana goge shi da bakin riga.

"Ka ƙara mata hanci," ta ce.

"Haka yake a takarda."

"Ƙarya kake. Hancin damisarka ne." Ta mayar da tabarau, ta kama hanyar ƙarshen layi. "Me kake jira? Je ka sayo mana wani tikitin."

Wata takwas ke nan. Har yanzu layin ɗaya-ɗaya yake tafiya, mutane suna ƙorafi suna tsayawa. Ƙwararrun Medellín ba su iso ba tukuna. Wilfrido yana shiga duk Litinin ta ƙofar masu shara ya sa wa sarƙa man giris. Ni kuma na yi wa fuskar Mutuwa sabon fenti, na rataye ta a bakin ƙofa kusa da kujerata mai naɗewa, inda hannuna zai kai da sauri.